Satin Da Kuka Sayar Mini Ba Ya Bin Wata

An haifa mini jika. Mace ce, ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, a nan Dubai, ita da uwarta duk lafiya. Na faɗi wannan kafin sallama ne domin tun ranar ban haɗu da mutum na bar shi bai ji ba, har direban tasin da ya kai ni asibiti, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Ku ma ga shi kun ji.

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin gidajen hutu na bakin teku da ke gabar gabas, bayan duwatsu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Idrisu Garba, mutumin Fagge ne a Kano, shekarata sittin da uku. Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin kago a Deira, inda 'yan kasuwarmu ke tara kaya kafin a cika kwantena. Sai da na kai shekara arba'in na shiga makarantar dare na koyi boko, saboda haka rubutuna ba na masu ilimi ba ne. Da Hausa na rubuta, domin da Hausa aka sayar mini. Wakilinku da ya fassara mini ciniki zai iya fassara maka kuka. Na kuma bar wasiƙar a buɗe don 'yan uwana mazauna Karama da Bur Dubai da Sonapur su karanta, tunda har yau ana tare su a kantuna ana miƙa musu takardarku mai hoton teku.

Na farko, yadda aka yi na saya.

A Babbar Sallar shekarar 2009, wadda ta faɗo a ƙarshen Nuwamba, mai ɗakina Hajiya Rabi ta zo daga Kano da bizar ziyara. Ya kamata ka san yadda irinmu ke zaune kafin ka gane abin da na saya. Ni ɗakin haya nake kwana a Bur Dubai tare da maza uku. 'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, tana aure a Karama, ita da mijinta Sani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, a ɗaki ɗaya da falo. Idan Hajiya ta zo, a falon 'yarta take shimfiɗa katifa. In na ci abinci na yi sallar isha'i sai in ɗauki takalmina in tafi, kamar mai zuwa zance. Mata da miji, aure ya haura shekara talatin, amma ba mu da rufin da za mu kwana a ƙarƙashinsa tare.

A wannan hutun ne wakilinku, wani Bahaushen Zango daga Kumasi, mutum mai fara'a da ladabi, ya ce akwai motar da za ta kai mu kallon wurinku kyauta. Muka je. Aka buɗe mana gida mai ɗaki biyu da falo da kicin, taga tana kallon ruwa. Aka yi mana bayani cewa gida ɗaya ne, masu shi da yawa, kowa da satinsa a shekara. Hajiya ba ta saurari bayanin ba. Kicin ta shiga, ta buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, ta ce a nan za ta tuƙa tuwon Sallah. Daga nan ta sauka bakin ruwa, ta cire takalmi, ta tattare zani kaɗan, ta sa ƙafafunta da lallen Sallah bai gama fita ba. Ruwan ya zo ya koma, ta kama hannuna don kada ta faɗi, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce da ni ita dai ko sau ɗaya ta ga mun yi Sallah a nan, mu duka, a rufe ƙofa da dare ba wanda ya ɗauki takalmi.

Na tambayi wakilinku ko wannan satin zan samu. Ya ce wannan satin da muke ciki, kowace shekara, nawa ne daga baɗi. Na sa hannu.

Na biyu, abin da ba a gaya mini ba.

Ni a kaina satin da muke ciki satin Sallah ne. Haka na tashi, haka duk mutanenmu suke lissafi: an yi kaza a watan azumi, za a yi kaza bayan layya. A takardarku kuwa satin ƙarshen Nuwamba ne, a kafe, kamar an buga masa ƙusa. Da shekara ta zagayo Sallah ta matso gaba da kwana goma sha ɗaya kamar yadda ta saba, satina ya tsaya inda yake. Shekarar da ta biyo ta ƙara matsawa. Bana ga ta can a farkon Oktoba.

Ba na cewa wakilinku ya yi ƙarya. Abin da ya faɗa daidai yake da takarda. Amma Musulmi ne, da ganin wata yake ɗaukar azumi, ya ji abin da Hajiya ta ce da kunnensa, ya ga lallen ƙafarta. Kalma ɗaya ta isa ya tsayar da ni. Na ɗauka haka aka koya masa aikin, shi ya sa kai nake rubuta wa, ba shi ba.

Satin Nuwamba kuma ba shi da amfani a gare ni. Lokacin ne 'yan kasuwa ke rububin tura kayan ƙarshen shekara, sito yana cika har ƙofa, ko kwana ɗaya maigidana ba zai ba ni ba. Sai Sallah ake rufe mana, Sani ma haka.

Na uku, zirga-zirgar da na yi.

Na je ofishinku na nan cikin gari ba sau ɗaya ba. An karɓe ni da shayi, ba zan ɓoye ba. An ce ana iya musanya sati, amma sai an nema tun da nisa, a faɗi rana takamaimai. Na ce ranar Sallah sai an ga wata, ba ni nake sa ta ba. Aka ce in ƙiyasta. Da na ƙiyasta aka ce satin bukukuwa na masu babban matsayi ne, nawa matsayin bai kai ba. Abokina Bulus, mutumin Zonkwa mai aikin lantarki, ya ce shi hutunsa a ƙarshen shekara yake, in ba shi satina ya kai iyalinsa, kada ya tafi a banza. Aka ce shi ma sai an biya kuɗin baƙo. Kuɗin kula da gida kuwa bai taɓa makara wajen zuwa ba, ni ma ban taɓa makara wajen biya ba. Ba wannan ne ya kawo ni ba.

Wata ma'aikaciyarku, don ta kwantar mini da hankali, ta ce ai Sallah za ta sake zagayowa ta tarar da satina. Gaskiya ta faɗa. Na koma ɗaki na yi lissafin da aka koya mana a makarantar dare, na ga sai bayan shekara talatin da 'yan kai. Na ajiye biron.

Na huɗu, abin da muka yi a maimakon haka.

Hajiya ta sake zuwa Sallah biyu. Da yake ba inda za mu, sai muka kama abin da ke kusa da mu. Mun hau abra, kwalekwalen nan na katako, mun tsallaka daga Bur Dubai zuwa Deira mun dawo, ta ce a sake. Mun zaga kasuwar yadi tana taya abin da ba za ta saya ba, 'yan Indiya suna kiranta Mama. Mun shimfiɗa tabarma a lambun bakin mashigar ruwa da kular shinkafa da naman layya, Bulus da matarsa suka zo da zoɓo. Mun je bakin tekun Mamzar a bas. Ta ji daɗi, ta yi dariya, tana tsokanata wai na sayi teku na ajiye a bayan dutse, ga na Allah nan kusa ana shiga da kuɗin shayi. Amma kowace rana in an yi isha'i, ni ne nake ɗaukar takalmi.

Bara, bayan azumi, ta kwanta a Kano. Ban isa can ba sai da aka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

'Yan uwana masu karanta wannan, ga shawarata. In kallo kuke so ku nuna wa iyali, yana nan kusa da ku, ba sai kun sa hannu a komai ba. In kuwa kwana tare kuke so, ku kama ɗaki na kwana biyu a lokacin da Allah ya nuna muku Sallah, ku biya ku tafi, kalas, shi ke nan. Wanda ya nace sai ya sayi sati, ya fara tambaya: da rana ake lissafa shi ko da wata? A rubuta masa amsar, ya kai wa wanda ya iya karatu, wanda ba shi da kaso a cinikin.

Na biyar, roƙona.

Ranka ya daɗe, surukina Sani ya yi wa jaririyar huɗuba tun a asibiti. Ya jawo ni gefe ya gaya mini sunan da ya raɗa mata a kunne, na juya na kalli bango har sai da idona ya bushe. Rabi'atu ce. 'Yata ba za ta iya kiran sunan uwarta ba, Ummi za su riƙa ce mata. Ni kuwa a al'adarmu jika mace matar kakanta ce, da haka ake wasa. To matata ta dawo, kuma akwai alkawarinta a wuyana.

Mai jego za ta gama wanka ta yi arba'in dab da Babbar Sallah. Abin da nake roƙo shi ne ku ba ni satin Sallar bana, sau ɗaya tak, a madadin duk satuttukan da na biya ban taka ba. In kai 'yata da mijinta da wannan yarinya, 'yata ta tuƙa tuwo a kicin ɗin nan, in sauka da yarinyar in taɓa ƙafarta da ruwa a inda kakarta ta tsaya, mu rufe ƙofa mu kwana. Bayan haka ku karɓi satin Nuwamba ku sallame ni, ba na neman a mayar mini da komai. Ina kuma roƙon ku umarci wakilanku su riƙa faɗa wa duk mai lissafi da wata, a fili, da harshensa, cewa satinku ba ya bin Sallah.

In kun ce a'a, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Zan naɗe yarinyar a zani in hau abra da ita, in miƙa hannu in ɗebo ruwa in shafa mata. Amma ina so amsar ta fito daga bakinka, ba daga wanda zai ce mini shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, Baba, sai manaja ya dawo.

Allah ya ja zamaninka, ya albarkaci neman halalinka, ya nuna maka jikokinka kana da ƙarfin ɗaukarsu, uwarsu da kakarsu suna kusa.

Suna ranar Juma'a ne da safe, a gidan Sani a Karama. Ka tambayi kowane Bahaushe a layin masu ɗinki, zai kawo ka har ƙofa. Falon ƙarami ne, za mu cika matakala da baranda, amma akwai waina da goro da dabino. Mutanen Deira da Bur Dubai da Sonapur, Bulus da jama'arsa, wakilinku ɗan Kumasi, da kai kanka, ranka ya daɗe, duk ina gayyatarku. Kafin ka yanke hukunci a kan takardata, ka zo a buɗe maka zanin jaririyar ta ƙasa. Yatsun ƙafarta dogaye ne, na biyun ya ɗara babban, irin na Hajiya sak. Ku zo ku gani.

Wassalam.

Idrisu Garba,
Bur Dubai.