Ƙafafun Inna da luguden Jiratawa

Zuwa ga Yaya Abdulmutallib,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da zaman Kwatano. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mu nan unguwar Zariya kalau muke, ban da Inna.

Ka san ciwon karkarwar nan yakan daskarar mata da ƙafafu, ta tsaya ƙiƙam tsakar gida kamar an kafe ta. Madam Ilham, kine ɗin nan, wato ma'aikaciyar da ke koya mata tafiya a asibiti, ta gano cewa in ana kiɗa mai bugu daidai, Inna takan aza sawunta a kai ta tafi. Da kiɗan ƙwarya a salula har ƙofar gida take kaiwa. Madam ta ce in aka daina, ƙafafun za su sandare, kuma da wuya su dawo.

To, Inna ta shiga takaba, sai Baba Ilyasu ya zo daga Tibiri ya ce ba a kiɗa a gidan wansa ƙasar kabari ba ta bushe ba. Ban musa masa ba. Na kira su Zainabu, gwanayen dakan nan, daga Jiratawa, muka zuba gero a turmi muna lugude, tunda daka dai ba wanda ya hana. Yaya, Inna ta tashi ta zaga tsakar gida, har da murmushi! Kwana biyu muna haka, gari ya ishi unguwa. Shekaranjiya Baba Ilyasu ya shigo ya tarar muna cafe taɓarya. Ya ce shi za a yi wa wayo? Ya sa aka ɗora turmin a kabu-kabu aka kai Tibiri.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji. Na san baƙin cikin wansa ke cinsa, amma ba shi ke ɗaga Inna in ta faɗi ba. Ni mace ce, kuma ƙarama, kai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi yau. Ɗazu ta kafe a hanyar bayi, na rasa yadda zan yi. Ta dube ni, ta shiga buga cinyarta da hannu a hankali, don kada a ji a waje.

Ka gaida Anti Mariyam da Salim da Habib.

Ƙanwarka,
Zalihatu