Ƙullin Maganin da Na Aika wa Dogo

Zuwa ga ɗana Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikata mai cizon baƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ubanka a aji huɗu malamai suka ce sun gode.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. A waya bakina yana riga ni, kafin in faɗi magana ya mai da ita wasa. Takarda kuwa ba ta dariya.

To, basir ɗin nan nawa da kuka sani, ashe ba basir ba ne. Na faɗi a rumfa ina cikin cire tayar wata babbar mota, ƙanwarka ta kai ni asibiti ina ta cewa yunwa ce. Suka zura mini wata igiya mai kyamara ta ƙofar da ko ɓarawo ba ya bi. Likita ta ce ciwon daji ne a hanji. Na ce mata a gaishe shi, ya zo bai yi sallama ba. Ba ta yi dariya ba. Uwarku ma haka, tun ranar take wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Za su yanke wurin su haɗa. Shekara talatin ina yi wa tub ɗin taya faci, yau ga mai faci a hannun masu faci. Kada ka tayar da hankalinka.

Ubanka, mai faci.

*

Zuwa ga mahaifina,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan jiki da sauƙi. Allah ya sa kaffara ne. Na karanta takardarka sau uku. Na nemi izini a wurin aiki, zan zo ranar tiyata in Allah ya yarda.

Baba, kai ƙarfe ne, su kuma likitoci sun iya kambama abu. Ni ma nawa basir ɗin yana gaishe ka. Ƙullin maganin da ka aiko mini bara ya kusa ƙarewa, jinin yakan tsaya ya dawo. In ka samu sauƙi a karɓo mini wani. Kamar yadda kake cewa, wasu sun gaji gona, mu mun gaji basir.

Ɗanka mai biyayya, Dogo.

*

Dogo,

Ina gaisuwa. An sallamo ni, ina gida da jaka manne a gefen ciki. Sun ce ta ɗan lokaci ce, sai hanjin ya warke. Yanzu ni kaɗai ne a layinmu ke yawo da banɗakinsa.

Ga shi na fara kuma. Bari in tsaya.

Kwana biyu ka yi a bakin gadona, muka yi ta ba majinyata dariya har mai karaya ya roƙe mu mu bari. Takardarka tana ƙarƙashin matashina duk lokacin nan. Sau uku na buɗe baki in yi maka maganarta, sau uku wasa ya fito.

Likita ta tambaye ni ko a danginmu wani ya taɓa irin wannan ciwo. Na ce babu. Ƙarya na yi. Baffanku, yayana, mun ce muku ciwon ciki ne ya kashe shi. Jini ya yi ta gani, kamar ni. Wata safiya ya sa riga da takalmi zai tafi asibiti, na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Yaya, a kan basir za ka je ka kwance wando a gaban yara?" Ya yi dariya, ya cire takalmin. Ni na sayo masa garin maganin nan. Wata takwas muka binne shi, yana da shekara arba'in da biyar.

Irin ƙullin na aika maka, da hannuna na ɗaure shi.

Na koma na faɗa wa likita gaskiya. Ta ce ciwon yana bin jini a wasu gidaje, duk 'ya'yana su zo a duba su, mai ganin jini kuwa kada ya kwana. Dogo, ko ni da ban yi karatu ba, ba na cewa tub lafiya lau yake sai na tsoma shi a ruwa na ga babu kumfa. Ka zubar da garin nan. Ka je.

Ubanka.

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Wata biyu ke nan babu amsa. In na kira ka tambayi jikina, kafin in tambayi naka ka ce ana nemanka a wurin aiki. Na san wannan dabarar, a wurina ka koya.

Ƙarin ruwan maganin dajin da ake yi mini saura biyu. Yatsuna kamar ba nawa ba, ruwan sanyi kamar allura, abinci duk ɗanɗanon ƙusa. Amma jiya na taka har ƙarshen layi na dawo ba a riƙe ni ba. Nakan zauna a benci a rumfa, maƙwabcina makanike yana cire taya ina yi masa gyara da baki, yana cewa gara lokacin da nake asibiti. Likita ta ce hoton baya-bayan nan ya yi kyau. Ƙanwarka ta je an duba ta, lafiya lau.

Kowa yana yi mini barka, ni kuwa na kasa cewa amin. Me zan yi da warkewa in ni na tashi kai ka kwanta? Tun kana yaro, in ka faɗi ka fasa gwiwa, dariya nake sa ka yi kafin ka yi kuka, ina ganin jarumta nake koya maka. In fushi kake yi da ni, ka yi, ka fi ni gaskiya. Amma ka yi shi a layin asibiti.

Na nemi wasan da zan rufe takardar nan da shi, ban samu ba.

Ubanka.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ba fushi ba ne, tsoro ne.

Na je. Na kwance wandon. Sun sami ɗan tsiro, sun cire, sun aika a duba. Sakamako sai Alhamis. Garin na zuba shi a kwata.

Likitan ya tambaye ni wa ya turo ni, na ce wani mai faci ne. Ka nemo wasan nan ka ajiye. Ranar Alhamis zan kira, ko me suka ce, kai za ka fara ji.

Ɗanka, Dogo.