Dayod Huɗu a Rediyon Malam Idi

Agege, daren Talata, Maris 2000

Malam Idi mai gadi ya kawo mini rediyonsa yau, yana gurnani kamar janareto. Da shi kaɗai yake jin labarin gida, Maraɗi. Ya gaji da sayen batir, sai Sabo, wani matashi a unguwarmu, ya ce zai mayar masa da shi na wuta. Sabon da ya yi wata uku a wani shago a Ikeja, ya dawo ana ce masa Injiniya.

Da na buɗe, taransifoma kawai ya ɗaura. Babu dayod ko ɗaya. Bai san wutar gida gaba da baya take yi ba, rediyo kuwa mai hanya ɗaya yake so, irin ta batir. Dayod ne ke hana ta komawa. A aji uku aka koya mana wannan.

Na jera dayod huɗu, na sa kondansa mai daidaita wutar. Sau uku ina duba zoben da ke nuna gaban kowanne kafin in jona, don in na juya ɗaya, rediyon ya tafi.

Murya ta fito tas. Sabo na tsaye a kaina, ya ce, "Oga, ai su kaɗai suka rage in sa."

Malam Idi ya dubi Sabo ya ce, "Allah ya yi albarka, Injiniya. Kai ka yi babban aikin."

Shekarata ashirin a sana'ar nan, har yau "mai gyara" ake ce mini.

Gobe Sabo zai duba lasifikar masallacinmu. Na riga na sa dayod huɗu a aljihu.