Turaren da Goggo Ta Zuba a Wuta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, daga asibiti nake rubuto miki, nan Kazaure. Ƙanwarki Goggo Ladi ce a kwance. Idanunta ne, kuma har yanzu likita bai ce za su dawo ba.

Kin san aikina, wanda kike wa tsiya kina cewa girkin da ba a ci. Gishirin wani ƙarfe nake haɗawa, osmiyam sunansa. Na sha wuya kafin ya fitar min da ƙwayoyi, jajaye masu duhu, suna ƙyalli. Abin da nake nema shi ne in ga yadda ƙarfen ya zauna a tsakiya, ƙwayoyin zarra shida na sinadarin kulorin sun kewaye shi, da yadda zaman nan yake rushewa idan ya ji zafi. A wurin aiki, cikin akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi muke gasa shi, don tururinsa ido yake fara kamawa.

Na ɗauko shi a 'yar kwalba, naɗe da auduga, zan kai inda ake da na'urar duba shi. Na ce bari in biya Roni in gaida gida.

Kin san Goggo da jakar wanda ya dawo. Ba ta jira a miƙa mata tsaraba, da kanta take buɗewa, haka kuka saba. Ina maƙwabta wajen gaisuwa ta ga kwalbar. Rubutun gargaɗin da ke jiki na boko ne. Ta ɗauka turaren wuta na kawo, irin na 'yan birni.

Ta hura garwashi a kaskonki, ta kai ɗakinki inda zan sauka, ta zuba ƙwayoyin a kai, ta rufe taga da ƙofa kamar yadda kike yi don ƙamshi ya kama labule. Da ta ji shiru ba ƙamshi, sai ta sunkuya a kai tana fifitawa.

Inna lillahi! Tun daga zaure na ji warin, na gane shi. Na jawo ta waje tana tari, hawaye na zuba, na juye mata randa guda a fuska. A mota abin da take ta maimaitawa shi ne, "Uwarki ba ta taɓa bari ki shiga ɗaki ba turare ba."

Aikin ya ƙone ƙurmus, wallahi ko a jikina. Tsoro nake ji, Inna. Matar nan ita ta rage min a cikinku, ita ke zura wa kanta zare a allura tana yi min gori da tabarauna.

Ɗazu aka kwance mata bandeji. Ta ce kowace fitila tana da zobe, komai hazo-hazo. Likita ya ce in matso ta gwada. Na tsaya a gabanta, ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, ke ce?"

Ke ta gani, Inna. Na kasa ce mata a'a.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya mayar wa Goggo ganinta, ta gane ni ko da faɗa za ta yi min. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza