Ƙararrawar Keke

Litinin, 2 ga Yuni

Sunan Zalɓe ya fito. Jikata za ta yi dogon gudu a babbar gasar ƙasashe, a nan garinmu, a sabon filin da nake hangen fitilunsa daga ƙofar shagona. Da kaina na karanta sunan a wayar babanta, ban bari ya taya ni ba. Allah ya saka wa malamin makarantar dare, shi ya ce mu riƙa rubutu kada hannu ya manta. Yau murna ta ruɗa ni. Na yi wa wani faci, na mayar da taya na bar tiyub a ƙasa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Murna ta lafa, zullumi ya taso. Tun tana ƙarama take gudu a tsohon filin bayan kasuwa, ni kuma ina kwanar ƙarshe da ƙararrawar keke a hannu. Da na ga kafaɗarta ta fara sauka sai in kaɗa, ta zabura kamar an tsikare ta. Duk inda ta je gasa ina bin ta da ita a aljihu. Yanzu a cikin wannan taro, ta ina za ta ji ni?

Tsohon filin kuma an shafe shi da kwalta, motocin baƙi za su tsaya a kai. Mai walda, maƙwabcina, ya ce da baƙi sun tafi za a garƙame sabon da kwaɗo, ciyawa ta gaje shi, yaran unguwa su koma gudu a bakin titi. Bakinsa ba ya faɗin alheri, amma ba kasafai yake kuskure ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Na tafka abin kunya.

An bar iyalan 'yan wasa su shiga kallon gwaji. Na sami wuri kusa da kwana. Zalɓe na gudu tare da waɗansu baƙin 'yan mata, saura zagaye biyu na ga kafaɗar ta sauka, sai na kaɗa. Ashe a irin wannan fili ƙararrawa sau ɗaya ake kaɗa ta, idan saura zagaye ɗaya tak. A filayen da muka saba, hannu ake ɗagawa a yi ihu. Baƙin nan suka ɗauka ƙarshe ya zo, suka zuba duk ƙarfinsu, suka isa layi suka zube suna haki, alhali da sauran aiki. Kocinsu ya yi ta faɗa da harshen da ban sani ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta.

Wani mai gadi ya karɓe ƙararrawar. Kocin Zalɓe ya ja ni gefe ya ce, "Baba, da ranar gasa ce, sunanta za ka ɓata, ba naka ba."

Lahadi, 15 ga Yuni

Tsohuwa, matata, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce shekara da shekaru ina gyara wa mutane birki, ashe nawa ne ya tsinke. Ɗana, baban Zalɓe, kuwa bai yi dariya ba. Ya ce ko in zauna a gida in kalla a talabijin.

Talata, 24 ga Yuni

An dawo mini da ƙararrawar a cikin leda, da sharaɗin kada ta sake shiga fili. Zalɓe tana masaukin 'yan wasa, ba a zuwa ganinsu. Ta kira a waya tana tsokanata, wai angonta ya yi suna a ƙasashe uku. Na ce ta bar wasa, wa zai tashe ta idan ta gaji? Ta ce, "Tsoho, ka dai zo. Ka sa riga mai kyau, ba wadda ta sha man keke ba."

Juma'a, 4 ga Yuli

An buɗe gasa. Titinmu ya cika da tutoci da mutanen da ban san harshensu ba. Abinci ba ya shiga.

Laraba, 9 ga Yuli

Gobe ne. Na sa ƙararrawar a aljihu na cire, na sa na cire. Tsohuwa ta karɓe ta kulle a akwatinta, ta ɗaure makullin a gefen zani.

Alhamis, 10 ga Yuli

Kujerata tana can sama, 'yan gudun kamar tururuwa. Da dogayen ƙafafun na gane ta. Saura zagaye biyu kafaɗar ta sauka, na gani ƙarara. Mutum biyu suka wuce ta. Babban yatsana ya yi ta danna iska. Na kira sunanta, ni kaina ban ji muryata ba.

Sai ta ɗaga kafaɗar da kanta. Ba wanda ya kaɗa mata komai. Ta kamo ɗaya, ta kamo ɗayar, kafin a kaɗa ƙararrawar gasa ta riga ta shige cikin na gaba. Ta zo ta huɗu. Babu lambar yabo, amma koci ya ce ba ta taɓa yin sauri irin na yau ba. Babanta ya rungume ni, abin da bai yi ba tun yana yaro.

A bakin ƙofa na tambaye ta yadda aka yi. Ta goge gumi ta ce, "Tsoho, ai na daɗe ba na jin ƙararrawarka, hakina ya fi ta ƙara. Na ga kana jin daɗi ne na ƙyale ka."

Na yi dariya. Da na dawo gida ban yi ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Zalɓe ta tafi wata ƙasa horo. Baƙi sun watse, rana ta cinye launin tutoci. Ga kwaɗo a ƙofar fili. Mai walda yana wucewa yana kallona, kallon "ai na faɗa maka".

Asabar, 18 ga Oktoba

An buɗe ƙaramar ƙofa, safiyar kowace Asabar, don yaran unguwa. Babbar tana nan a kulle, kuma ban san ko abin zai ɗore ba. An kwashe ƙararrawar gasa tare da sauran kaya, sai koci ya aiko in zo da tawa. Mai gadin nan ne ya buɗe mini, yana murmushi.

Jikar mai walda tana cikinsu. Saura zagaye biyu kafaɗarta ta sauka. Yatsana ya motsa, na sa hannun a aljihu na jira. Sai da saura ɗaya na kaɗa.

Zalɓe ta kira da yamma, wai ta yi gasa shekaranjiya ta zo ta biyu. Ban ma san da gasar ba. Ranar da ta yi gasar kuwa na ci abinci har da ƙari. Wataƙila miyar ce ta yi daɗi.