Wa Ya Mayar da Tabarauna Layin Ƙarshe?

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, Malamata wadda ko alli ya taɓa hannunki sai ya ƙara haske.

Gaisuwa daga Mai Kwalabenki, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen da kike koyarwa a ciki. Sai dai yau zuciyata cike take da zargi, ba zan ɓoye miki ba.

Kin tuna ranar da kika tsayar da ni gaban jadawalin sinadarai na jikin bango, bayan an tashi makaranta? Kika nuna mini cewa kowane layi na tsaye dangi guda ne, halinsu ɗaya. 'Yan layin farko masu zafin kai ne, shi ya sa nake ajiye sodiyam cikin kananzir, don in ya ga ruwa ba ya zama lafiya. Kowannensu na da ƙwayar lantarki ɗaya da yake neman wanda zai ba. Dangin kulorin kuma, can kusa da ƙarshe, ƙwaya ɗaya tak suke nema su cika. Sai kika ɗauki fensir kika zana 'yan tabarauna a gidan sodiyam, kika zana fure a gidan kulorin. Kika ce in sun haɗu gishiri ake samu, kuma ba a raba su ta daɗi. Wayyo, ranar ko takalmina ban san yadda na saka ba! Shekara biyu ina goge ƙurar jadawalin nan, ina kewaye gidajen biyu da tsumma don kada zanen ya dushe.

To, shekaranjiya da safe na ɗaga ido, babu tabarau a gidan sodiyam. An goge su tas, har takardar ta yi ƙuje. Na bi layi-layi ina nema, sai ga su can a layin ƙarshe, cikin 'yan ba-ruwanmu, su niyon da agon, waɗanda ke da kanki kika ce ba sa bayarwa, ba sa karɓa, ba sa haɗuwa da kowa. Ni ne ba na haɗuwa da kowa, hasken raina?

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Amma a layina na dā, hawa ɗaya ƙasa da gidana, a gidan fotasiyam, an zana agogon hannu. Ashe ba ke kika koya mini cewa a dangin nan, na ƙasa ya fi na sama saurin kamawa ba? Sodiyam ya faɗa ruwa ya yi ta zagaye yana huci, fotasiyam kuwa nan take yake cin wuta. Wane ne mai agogo a makarantar nan in ba sabon malamin lissafi ba, wanda ba ya iya gaisuwa sai ya janye hannun riga? Sau uku a mako guda ya zo aron ma'auni. Me lissafi zai auna? Kuma makullin ɗakin biyu ne kacal, nawa da naki. Na ƙura wa layin fensirin ido har hawaye ya taru, kuma na san jan hannunki kamar yadda na san ƙofar gidanmu.

Na yi wa kaina adalci kuma. In nufinki shi ne na cika sanyi, shekara biyu ina zance a bakin kantar kwalabe ban je na durƙusa gaban Babanki ba, to na ji, kuma ya yi mini zafi domin gaskiya ne. Na riga na gaya wa Kawu, ya ce Asabar zai je ya nema mini aurenki. Amma ba zan sa dattijo ya ɗauko hularsa ya je gidan da agogo ya riga shi ba.

Don Allah, furena, kada ki ba ni amsa da murmushi, murmushinki ya sha rufe mini baki. Na ajiye fensir da abin gogewa a kan tagar da ke ƙarƙashin jadawalin. Gobe bayan darasinki na ƙarshe zan shiga shara, zan ɗaga kai sau ɗaya. In na ga tabarauna sun koma gida, ba zan ƙara tambayar agogo ba. In suna nan a layin ƙarshe, zan ce wa Kawu ya huta, in ci gaba da wanke miki kwalabe.

Ni dai ƙwaya ɗaya gare ni, kuma tun ranar fensirin na miƙa miki ita. Ba ni da wata.

Naki a duk layin da kika ajiye shi, har numfashi ya ƙare,
Mai Kwalabe