Man gyaɗa na zuba a moton maigidana, ga shi zai sayar ya tahi Libiya

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu karanta shafin nan. Allah shi ƙara miki haƙuri da mu. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Ku kuma masu sharhi ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da na yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini. Ban yi lakwal mai nisa ba, karatuna kaɗan ne, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Filinge. Ɗiya biyu gare ni, babbar, Nana, ta fara wayo, ƙaramin yana goye. Maigidana kabu-kabu yake yi da moto, wanda wasu ke ce wa babur, yana ɗaukar mutane da buhuna da awaki zuwa kasuwanni. Motonsa ƙarami ne irin na kowa, amma tun kafin a kawo ni gidan yake hawansa. Abokansa wasu sun kashe biyu, wasu uku, nasa yana nan. Ko lokacin da hukuma ta hana hawan moto a ƙasarmu ya yi wata da watanni a ɗaki, ranar da aka fito da shi bai yi gardama ba ya tashi. In suna hira bakin masallaci ana cewa ƙananan moton nan ba su da rai, damina biyu sun zama gwangwani, sai ya ce musu, "Ku ne ba ku ba shi mai a kan kari. Ku yi mishi bidanji, ku bar ɗora mishi kayan jaki uku, ku gani in bai binne ku ba." Bidanji shi ne canjin man inji, ko ni na san wannan don kunnena ya gaji da ji.

To, bana gara ta shiga itacen rufin ɗakina. Kullum gari yana zubowa, daidai inda nake kwantar da yaron. Wata safiya na tarar da ƙasa a idonsa, ya yi ja, yana ta kuka. Na faɗa wa maigida ya ce gobe. Na sake faɗi ya ce bayan kasuwa. Har na ce mishi, "Baban Nana, moto in ya yi tari ba ka cin tuwo sai ka kai shi garaji, ɗanka ɗaki zai faɗo mishi kana cewa gobe?" Dariya ya yi, ya ce, "Wanga moto shi ke ci da ke da ɗan naki, ki riƙa gaishe shi da safe." Wallahi abin ya ƙona mini rai. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ta ce ai baƙin man inji shi ne maganin gara, a shafa wa itace ko kusa ba ta zuwa. Na roƙe shi in ya je bidanji ya zo mini da tsohon man da ake zubarwa. Abin da ake zubarwa fa, Anti! Ya dawo hannu sake, wai ya mance. Ya koma, ya sake mancewa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kallo. Ranar da ya kai ni awon ciki Filinge mun tsaya garaji, na ga inda mai gyara ya kwance wani ƙarfe a ƙarƙashin inji mai ya zubo, na ga murfin sama mai ɗan sanda da ake duba yawan man da shi. Ran Juma'a moto hutu yake, da ƙafa maigida ke zuwa masallaci. Sai na ɗauko kile, abin kwance ƙarfe, a jakar kayan gyaransa, na kwance, na tara gwangwanin madara ya cika, na ɗaure. Da na duba ɗan sandan na ga man ya yi ƙasa. Sai na ce a raina, mai ai mai ne. Ina da man gyaɗa wanda na matse da hannuna, fari tas, na cika mishi da shi. Kar ku yi dariya, a lokacin gani nake gata na yi wa moton, na cire mishi baƙi mai datti na ba shi mai tsabta wanda mutum ma ke ci.

Na shafa wa rufin, gara ta gudu. Asabar moto ya tashi lafiya lau. To mi zai hana in ƙara? Na ƙara don ƙofa, na ƙara don ƙafafun rumbu, har Gwaggo na ɗebar wa na ce daga garaji aka kawo. Duk wanda na cire sai in mayar da na gyaɗa. Wani yammaci ya dawo yana dariya, ya ce wani tsoho da ya ɗauko ya tambaye shi, "Kai yaro, suyar ƙosai kake yi a bututun hayaƙi? Tun ɗazu yunwa ta kama ni." Ni ma na yi dariya, amma na san ƙamshin man gyaɗana ne. Daga ranar ban sake taɓawa ba. Mi ya hana ni faɗi tun sannan, ya je a zubar a wanke? Tsoro. Na ce bidanji ya kusa, za a zubar da komai ba wanda ya ji.

Bai kai ba. A hanyar Baleyara, da awaki biyu a baya, inji ya yi ƙara ya ƙame. A saman motar kaya aka dawo da moton kamar gawa. Mai gyara ya buɗe, ya ce ciki duk ya yi danƙo kamar ƙaro. Ya ce ko dai man jabu aka sayar musu, ko kuma injin ne ya gaji, don waɗannan ƙanana in sun kai shekarun nan iyakarsu ke nan. Ya ce yana gyaruwa in an canza kayan ciki. Maigida ya ƙi. Ya ce, "Ban taɓa cutarsa ba, ban taɓa tsallake mishi mai ba, duk da haka ya mutu a hannuna. In na gyara nan, gobe can zai ɓalle. Ashe su ke da gaskiya." Abokan kuwa sun samu abin yi, ya fito sai ka ji, "Ina mai moton da zai binne mu? Yaushe ne sadakar uku?" Shi da ba a kayar da shi a magana, sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Yanzu ga inda abin ya kai. Ya ce zai sayar da gangar jikin, ya haɗa da tumakinsa, ya bi ɗan baffansa Libiya. Tun ina amarya yake gaya mini muddin moton nan yana tashi ba inda za shi. Anti, yayana uwa ɗaya uba ɗaya hanyar nan ya bi, har yau ba mu ji muryarsa ba, innarmu in ta ji waya ta yi ƙara sai ta ruga, ko shi ne. Shi ne zan tsaya in ga uban ɗiyana ya hau motar Agadas saboda gwangwanin madara?

Na gwada faɗi. Shekaranjiya yana cin abincin rana na zauna gefe na ce, "Baban Nana, in da a ce ba tsufa ne ya kashe shi ba fa?" Ya ce, "To mi ne ne?" Na ce, "In da wani ne ya taɓa shi." Ya ajiye lomar hannunsa ya dube ni, ya ce, "Wa? Ba mai taɓa moton nan sai ni. Wanda ya taɓa shi kuwa, ko nono ɗaya muka sha mun rabu." Na ce a'a, tambaya ce kawai, na tashi na shiga ɗaki.

Na san laifina ne, ba na musu. Amma ni ma raina a ɓace yake. Da ya kawo mini man da ake zubarwa, da ya hau ya duba rufin nan ko sau ɗaya, da ya taɓa zama ya gaya mini bambancin wannan mai da wancan maimakon ya ce in gaishe da ƙarfe, ai da ba mu zo nan ba. Wa ya koya mini? Kullum sai mace ba ta san komai ba, amma ba mai koya mata.

In na faɗa, zai gane moton bai tsufa ba, ina jin zai gyara ya zauna, ya kuma ɗaga kansa gaban abokansa. Sai dai ban san ko ni zan zauna ba, kuma garin nan har jikokina sai an kira su jikokin wadda ta soya moto. In na yi shiru, zai tahi yana ganin ni mace ce ta gari, ya bar ni da ɗiya biyu ina sauraron waya. Har ya samu mai saye, mutumin ya ce ran Lahadi zai zo da amalanke. Yau da safe maigida ya miƙo mini gero ya ce in daka mishi guzurin hanya, ga shi nan cikin turmi na kasa ɗaga taɓarya.

Iyayena da 'yan'uwana na shafin nan, in faɗa mishi da bakina, ko in tura innarsa ta faɗa, ko in daka geron? Don girman Allah, kafin Lahadi, mi zan yi?